Shekara guda ina geocaching, akwati ɗaya ya gagare ni

Jama'a, ku taimaka min. Bara na fara geocaching a nan Jamus, wasan nan na bin lambobin GPS a nemo akwatin da wani ya ɓoye, a sa hannu a takardar ciki. Na samo da dama, amma wani a bakin kogi ya hana ni sakat. Sau huɗu ina zuwa. Da na shiga ƙarƙashin bishiyoyi sai wayata ta rikice, kibiyar da ke nuna min hanya ta yi ta yawo, mita goma nan, goma can. Alamar da mai shi ya bari ita ce “maganaɗisu”, wato akwatin na manne a jikin ƙarfe, na kuwa laluba duk ƙarfen gadar har hannuna ya yi baƙi. Wahalarsa 2 ce kacal cikin 5, abin kunya! In sayi na'urar GPS ta Garmin ne, ko dai an ɗauke shi, in rubuta wa mai shi?