Kwalbar giya ɗaya tana hana tuƙa babur?

Ɗan Bukoki: Assalamu alaikum. Wani maƙwabcinmu a Yamai yana cewa kwalba ɗaya ba ta hana shi hawa babur, musamman idan ya ci goro bayanta. Shin akwai gaskiya a maganarsa?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Babu, ɗan'uwa. Giya tana rage saurin da ƙwaƙwalwa ke ba hannu da ƙafa umarni, tana kuma raunana daidaiton jiki, alhali babur ƙafa biyu gare shi, mahayinsa ne ke tsayar da shi. Hanta ce ke fitar da mafi yawan giya daga jini, a hankali. Goro ko kofi suna korar barci ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada giyar da ke jikin mai tuƙi ta wuce giram 0.05 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini, amma rauni yakan fara tun kafin nan.

Alhaji Isufu: Ga Musulmi, aya ta 90 a Suratul Ma'ida, wadda ta hana giya, ta gama magana. Abin da ya fi damuna shi ne wanda aka goya, domin matar da ta hau bayansa da jaririnta a cunkoson Gadar Kennedy da magariba ba a nemi yardarta ba.

Ɗan Bukoki: Na gode, Alhaji. Wani lokaci har 'ya'yansa yake ɗauka zuwa unguwar Harobanda, a ƙetaren gadar.