Sunana ba ya cikin jerin JAMB, rajistar Direct Entry ta tsaya

Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san kan wannan abu ya taimaka min.

Na gama ND a fannin Akanta a wata kwalejin fasaha ta jiha, na fita da Upper Credit. Ina son shiga jami'a ta Direct Entry, in fara daga aji biyu, don ba ni da ƙarfin komawa aji ɗaya.

Na tura NIN ɗina zuwa 55019, lambar furofayil ta zo, na sayi fin (PIN) ɗin rajista. Da na je cibiyar CBT (inda ake rajistar JAMB a kwamfuta), sai yaron da ke kan kwamfutar ya nemi lambar rajistar JAMB da na shiga ND da ita. Ya saka har sau uku, takardar admishan ba ta fito ba, sunana kuma babu shi a jerin ɗaliban da hukumar ta sani. Ashe makarantar ce ta ɗauke mu kai tsaye, ba ta CAPS ba, wato tsarin JAMB na bayar da admishan ta intanet, alhali tun 2017 ta nan ake bi. Wallahi lokacin ban san bambancin ba, fom kawai na saya a ofishinsu.

Na koma makarantar sau huɗu. Wani ya ce an tura sunayenmu, wani ya ce in kawo fotokofin rasit ɗin kuɗin makaranta. Na kai. Wata biyu ke nan shiru, ga ranar rufe rajista tana matsowa.

Shin ni da kaina zan iya zuwa ofishin JAMB na jiha a halatta min admishan ɗin, ko dole sai makarantar ce za ta tura?