Neman shawara: ƙiyasin taurin taya ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Ni ɗalibin injiniyanci ne a nan Sakkwato, kuma aikina na kammala karatu shi ne ƙiyasta taurin taya a kwana, wato yawan ƙarfin gefe da taya ke bayarwa ga kowane digiri na zamewa (bambancin inda taya ta fuskanta da inda take tafiya), ba tare da an kwance ta daga mota ba. Na ɗaura na'urar auna juyawa a tsakiyar motar yayana, ina karɓar gudu ta kafar OBD-II, inda ake jona na'urar duba lafiyar mota, sannan ina zuba bayanan cikin matatar Kalman, wato dabarar lissafi da ke tace awo ta fitar da ƙiyasi. Sau uku ina zuwa Illela ina dawowa, amma kowace tafiya da adadin da take ba ni, har ranar ƙarshe ya faɗi ƙasa da sifili. Abin ya hana ni barci. Ina kuskuren yake?

Amsar wani malamin injiniyanci: Wa alaikumus salam, ɗana. Laifin ba na matatar ba ne. Dabarar da Rudolf Kalman ya fito da ita a 1960 ba ta iya gano abin da bai bar sawu a cikin awo ba, kuma idan mota tana tafiya a miƙe, kusurwar zamewa da ƙarfin gefe duk suna dab da sifili, don haka duk adadin da matatar ta ɗauka zai dace da lissafin. Ka nemi fili marar jama'a, ka jera tsofaffin tayoyi, ka riƙa ratsa tsakaninsu hagu da dama a gudun kilomita 40, kuma ka hana matatar sabunta ƙiyasi sai lokacin da motar ke karkata. Ban ji ka ambaci kusurwar sitiyari ba, alhali tsarin keke, wanda ke haɗe tayoyin gaba su zama ɗaya, na baya su zama ɗaya, ba ya aiki sai da ita. Kada ka matsa wa motar a kwana, domin da taya ta fara sulɓi sai ka koma ga lissafin Hans Pacejka na jami'ar Delft, wanda ya fi ƙarfin lokacin da ya rage maka.

Amsar wani mai wayarin mota: Ƙanena, gudun da OBD-II ke bayarwa adadi ɗaya ne ga motar duka, ba ɗigo, kuma yana zuwa a makare. Idan motar tana da birkin ABS, mai hana taya kullewa, kowace ƙafa da sensarta mai auna gudu, ta layin CAN, wato wayar da kwamfutocin mota ke musayar bayanai, za ka same su.

Amsar wani mai faci: Ban yi boko mai zurfi ba, amma na san iskar da na auna da asuba ba ita nake samu da azahar ba, musamman a watan Afrilu da zafinmu ke wuce digiri 40. Ka auna iska kafin kowane gwaji da bayansa, kada ka sauya yawan mutanen da ke cikin motar, sannan ka duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT a gefen taya, su ne mako da shekarar da aka yi ta.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na duba, tayoyin baya na 2017 ne, na gaba na 2022. Malam, in sauya su kafin gwajin ranar Asabar, ko in bar su in ƙiyasta gaba da baya daban?