Kalori, kuzari ko makamashi? Mu tsayar da magana

Jama'a, muhawarar jiya ba ta mutu ba, bari in tattaro ta wuri guda. Me za mu kira calorie, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, da Hausa, tunda yanzu masu ciwon suga da masu son rage ƙiba suna rubuta duk abin da suka ci a waya?

Wani malami daga Mabera, nan Sakkwato, ya ce "kuzari". Allah ya gafarta Malam, ban yarda ba. Kuzari hali ne na jiki. Ana cewa yaro mai kuzari, ba a cewa kuzari ɗari biyu. Mutum kan tashi da malmala uku ta tuwon shinkafa ya kwanta sharkaf, ba ya ko iya ɗaga hannu, alhali abin da ake ƙirgawar ya shiga cikinsa fal.

"Makamashi" ya fi kusa, don asalin kalmar calorie daga Latin take, calor, wato zafi. Calorie ɗaya irin wadda ake rubutawa a jikin kwalin abinci ita ce zafin da zai ƙara wa ruwa kilo 1 digiri 1. Sai dai makamashi sunan abin ne, ita kuwa ma'auninsa ce. Ba mu fassara lita ba, ba mu fassara kilo ba, kuma ba wanda ya ce Hausa ta lalace. A bar ta kalori: kalori 300, yadda muke cewa naira 300. In ana wa tsoho bayani, sai a ce makamashin abinci.

Inda gizo ke saƙar shi ne tambayar wata 'yar'uwa: in ka ci a waje fa? A Amurka tun 2018 doka ta tilasta wa gidajen abinci masu rassa 20 zuwa sama su rubuta kalori kusa da farashi. Ingila ta bi a 2022, ga kamfanoni masu ma'aikata 250 zuwa sama. Ko a can ƙananan gidajen abinci ba sa ciki, balle Inna mai tuwo a Gawon Nama, wadda tambayarta ɗaya ce: "Ɗana, mi kaka so, na nawa?" Ma'auninta naira da ludayi.

Ke nan dole mai ci ya yi lissafin da ido, kuma wannan aikin ma yana son suna. An kawo kintace, kirdado da ƙiyasi. Kintace canki-canka ne, na ajiye shi. Kirdado yana da daɗi a baki, amma ni ƙiyasi na zaɓa, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu a garin nan ya san dalili: auna abin da ba ka sani ba da wanda ka sani. Aikin ke nan daidai. Ka san kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kusan kalori 200 ne, sai ka dubi farantin ka ce kofi nawa ne a nan.

Amma shinkafar ba ita ke kayar da masu ƙiyasi ba, mai ne. Giram ɗaya na sitaci ko furotin kalori 4 ne, na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai 120. Wato in an kwarara maka cokali biyu a kan shinkafa da wake, man ya fi kofin shinkafar nauyi a lissafi. Dubi jan da ke yawo a saman miya. Dubi takardar da aka naɗo masa a ciki, yadda take jiƙewa har ka hango yatsanka ta baya. Fura kuma, ka ce a ba ka sukarin daban ka zuba da hannunka, ƙaramin cokali kusan 16 ne.

To, kalori da ƙiyasin kalori, na tsaya a nan. Saura sunan adadin da ake zuba wa mutum ɗaya a faranti. Wani ya ce "zubi", wata ta ce "kaso". Mutanen Kebbi da Zamfara, yaya kuke cewa?