Wi-Fi ba ya kaiwa ɗakin baya

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Gidanmu na ƙasa ne a Birni, bango mai kauri irin na da. Na aje akwatin Wi-Fi a zaure, bisa tebur kusa da firji. A zauren intanet na gudu, amma in ka shiga ɗakin Inna can ƙurya, ko saƙon murya na WhatsApp ba ya tafiya. Sabon akwati zan saya, ko akwai dabara?

Mai Gyaran Waya, Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Ɗauke akwatin daga jikin firjin nan, ƙarfe na tare sigina. Ka rataye shi sama, wajen tsakiyar gida, cikin inuwa. Sannan duba bayansa: in yana da layukan sigina biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, ka hau 2.4. Ya fi ratsa bango, ko da yake 5 ta fi sauri in kana kusa. In ya ƙi, ja wayar Ethernet (kebul ɗin intanet da ake jonawa a bayan akwatin) zuwa ƙurya ka haɗa ƙaramin akwati na biyu. Wayar na kai mita 100 lafiya, kuma ba na jin gidanku ya kai haka.

Hajiya ta Sabon Gari:
Ɗana, kar a rufe shi da ƙyalle don tsoron ƙura. Zafin Afirilu a Damagaram kashe shi zai yi. A riƙa goge ramukan iskar da busasshen buroshi.

Ɗan Birni:
Na gode yaya, na gode Hajiya. To in an ɗauke wuta fa?

Mai Gyaran Waya, Zango:
Karanta jikin cajarsa. Yawancinsu 12V ne (wato ƙarfin wutar da suke ɗauka), ƙaramin batirin sola zai riƙe shi, amma ka tabbata lambar ta yi daidai kafin ka jona.