Yini ɗaya babu tsari a garuruwan masu kuɗi na hamadar Kalifoniya: ta ina za mu fara?

Baƙuwa a Riverside ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da maigidana mun zo Riverside saboda wani taron aikinsa, sai kwatsam aka soke zaman ranar Alhamis, muka tsinci kanmu da yini guda cur babu abin yi, ga kuma motar haya a hannunmu. An ce mana tafiyar kimanin awa ɗaya ce zuwa Palm Springs da maƙwabtanta, wato Rancho Mirage da Palm Desert da Indian Wells da La Quinta, inda attajiran Amurka ke zuwa gudun sanyi. Ba mu yi ajiyar tikitin ko'ina ba, ba ma wasan golf, kuma ba sayayya ce za ta kai mu ba. Shin wanda ya je haka kawai a watan Nuwamba zai ga abin da zai gamsar da shi, ko kuwa wuri ne da sai mai gida a can ko mai ɗaki a otal yake jin daɗinsa? Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa.

Mazaunin San Diego ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ku je, domin kun dace da lokaci. Da a tsakiyar bazara kika yi wannan tambaya da na hana ku, tunda a watan Yulin 2024 zafi ya kai digiri 51 a Palm Springs, amma a Nuwamba rana tana da daɗi, dare kuma da ɗan sanyi. Rashin tsari ba zai cutar da ku ba, saboda garuruwan a jere suke a gindin duwatsu, kuma hanya ɗaya ce, mai lamba 111, ta ratsa su tun daga Palm Springs har Indio, ta yadda ɓata hanya yana da wuya. Abin da za ki kula da shi kawai shi ne gajartar yini. Dutsen San Jacinto, mai tsawon fiye da mita 3,300, yana tsaye ne a yammacin Palm Springs, saboda haka inuwarsa takan rufe garin tun kafin ainihin faɗuwar rana, wadda a yawancin wannan watan ba ta kaiwa ƙarfe biyar.

Shawarata ku fita da sassafe ku fara da kwazazzaban da ake kira Indian Canyons a kudancin garin. Ƙasar 'yan ƙabilar Cahuilla ce, mutanen asalin yankin, reshen Agua Caliente, su ke kula da wurin kuma su ke karɓar kuɗin shiga. Idan ba kwa son doguwar tafiya, ku zaɓi Andreas, wanda zagayensa bai kai kilomita biyu ba. Kina baro busasshen fili mai tsakuwa da ƙaya sai ki faɗa cikin inuwar wasu dogayen itatuwa masu kama da giginya, busassun ganyayensu sun sauko sun lulluɓe jikinsu har ƙasa, ga ruwa yana gudana a tsakanin duwatsu. A kan wani falalen dutse za ki ga ramukan da matan ƙabilar suka riƙa daka 'ya'yan itace a ciki tsawon zamani. Ni a wurin ne na fahimci dalilin da ya sa aka yi gari a nan tun farko. Akwai kuma wani abin da baƙi da yawa ba su sani ba: a shekarun 1870 gwamnatin Amurka ta yanka ƙasar yankin murabba'i-murabba'i kamar allon dara, ta ba kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific rabi, ta bar wa ƙabilar rabi, shi ya sa har gobe otal-otal da gidaje masu tsada da yawa a Palm Springs suna zaune ne a kan filin da aka karɓa haya daga hannunsu.

Daga nan sai ku hau motar igiya da ke kai mutane saman dutse, wadda aka buɗe a 1963. Cikin minti goma take ɗaga ku zuwa tsayin kusan mita 2,600, daɓenta yana juyawa a hankali domin kowa ya ga kowane ɓangare, ku sauka a cikin dajin dogayen itatuwa inda sanyi ke ratsa ƙashi. Kada ku manta da rigar sanyi.

Mai son lambuna ta amsa:

Malam ya faɗi gaskiya game da kwazazzabai, amma ina ganin ya bar ainihin tambayar 'yar'uwarmu, wadda ta shafi garuruwan ne su kansu. Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce, yawancin dukiyar da ake ba da labari tana bayan katanga. A zuwana na farko na ɓata kusan awa biyu ina yawo a Indian Wells da Rancho Mirage ina sa ran ganin gidajen da nake gani a mujallu, amma abin da na gani shi ne dogon bango mai launin ƙasa, furanni ja sun zubo ta kansa, sai ƙofa da ɗakin mai gadi, sai kuma wani bangon. Sunayen titunan ne kaɗai ke shaida miki waɗanda suka zauna a wurin, irin su ɗan wasan barkwanci Bob Hope da mawaƙi Frank Sinatra da tsohon shugaban ƙasa Gerald Ford, wanda ya rasu a Rancho Mirage a 2006. Saboda haka kada ki yi kuskuren da na yi.

Wuri ɗaya da katangar ta buɗe wa kowa shi ne Sunnylands, gidan attajiri Walter Annenberg da matarsa Leonore, wanda aka gama ginawa a 1966. A can ne Barack Obama ya karɓi shugaban ƙasar Sin, Xi Jinping, a watan Yunin 2013. Shiga cikin gidan kansa sai da tikitin da aka saya tun da wuri, kuma da wuya ku samu a rana ɗaya, amma cibiyar baƙi da lambun da ke kewaye da ita kyauta ne. Lambun ne ma ya fi kama hankalina, domin tsirran hamada aka shuka a cikinsa sahu-sahu, dubbai, wasu dunƙule kamar ƙwarya cike da ƙaya mai ruwan zinariya, kuma za ki iya zama a kan benci kina kallon dutse babu mai tambayarki abin da ya kawo ki. Ki duba shafinsu da safe kafin ku kama hanya, domin akan rufe wurin idan ana wani babban taro.

Titin El Paseo na Palm Desert kuwa, rabin awa ya ishe ki, tunda ba sayayya za ki yi ba. Idan gine-gine kike son gani, Palm Springs ce ta fi, domin tsofaffin unguwanninta a buɗe suke, kuma gidajen shekarun 1950 da 1960 masu shimfiɗaɗɗen rufi da bangon gilashi suna nan a bakin titi. Sai dai a tuna cewa gidajen mutane ne, daga titi ake kallo.

Ɗalibin aikin gona ya amsa:

Iyayena, ku ba ni dama in ƙara abu ɗaya. Idan kun kai La Quinta, kada ku juya, ku ƙarasa Indio, domin kwarin nan na Coachella, inda duk garuruwan nan suke, shi ne ke noma mafi yawan dabinon Amurka, kuma yanzu ne kakarsa. Irin Deglet Noor daga Aljeriya aka kawo shi, shi kuwa Medjool asalinsa ƙananan tsirrai 11 ne da masanin tsirrai Walter Swingle ya ɗauko daga Maroko a 1927, lokacin da wata cuta ke kashe itatuwan dabino a can. A gonar Shields, wadda take aiki tun 1924, za ku ɗanɗana iri-iri, ku kuma sha madarar da ake niƙawa da dabino da askirim, wadda yankin ya shahara da ita.

Dalilina na biyu ya fi wannan nauyi. Duk koren da za ki gani a hanya, da filayen golf fiye da ɗari, da tafkunan da aka haƙa a cikin unguwanni, suna cikin ƙasar da ruwan samanta na shekara bai wuce 'yan santimita ba, kuma suna rayuwa ne da ruwan ƙarƙashin ƙasa da wanda aka janyo ta magudana daga kogin Colorado. Idan kika ɗan ƙara gaba zuwa Thermal da Mecca, za ki tarar da ma'aikatan gona, akasarinsu 'yan asalin Meziko, waɗanda da yawansu ke zaune a gidajen tirela, kuma a wasu unguwanninsu an daɗe ana fama da sinadarin arsenik mai guba a ruwan rijiya. Su ne ke hawa itatuwan dabinon, kuma daga gabashin kwarin ne ma'aikatan otal-otal da masu gyaran lambuna da yawa ke fitowa kowace asuba. Tazarar ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba, kuma a ganina bai kamata baƙo ya koma gida yana zaton katangu da furanni ne kaɗai ke kwarin ba.

Baƙuwa a Riverside ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Mun zauna da maigida mun auna, mun ga cewa yinin ba zai ɗauki duka ba, saboda haka mun haƙura da motar igiya, tunda shi ba ya son tsayi, ni kuma ban zo da kayan sanyi ba. Za mu fara da Andreas da safe, mu tsaya a Sunnylands da hantsi, sannan mu bi hanyar 111 har Indio mu sayi dabinon tsaraba. Ƙanena ɗalibi, maganarka ta shige ni, kuma idan rana ta ba mu dama za mu ƙarasa Thermal. Tambaya ɗaya ta rage mini: idan mun dawo Palm Springs bayan magariba, akwai abin da za mu tarar a cikin gari, ko mu wuce masauki kawai?

Mazaunin San Diego ya sake amsawa:

Ku tsaya, Hajiya, domin ranar ta yi muku daidai. Kowane daren Alhamis akan rufe wani sashe na titin Palm Canyon ga motoci, a yi kasuwar dare da ake kira VillageFest, da masu sayar da abinci da kayan hannu da makaɗa. Ku ajiye mota a ɗaya daga cikin titunan gefe ku shiga da ƙafa, kuma ki riƙe mayafi mai ɗan kauri, domin da zarar rana ta faɗi hamadar takan huce da sauri.