Maganin kaska na kare zai iya illata mage?

Salam jama'a, don Allah masu ilimin dabbobi ku taimaka min. Karen gadinmu kaska ta cika mai jiki, cikin kunne da tsakanin yatsu har wasu sun kumbura da jini, ga ƙuma kuma. Na sayo maganin nan da ake ɗiga musu a bayan wuya, da na duba kwalin sai na ga akwai permethrin a ciki, kuma an ce wannan guba ne ga mage don hantarta ba ta iya sarrafa shi, karkarwa take fara yi da dalalar miyau har ta kai ga mutuwa. To matsalar magenmu a jikin karen take kwana, wani lokaci ma lasar shi take yi.

Na yi tunanin ƙwayar da ake ba su su ci, irin su fluralaner, sai kuma na ga a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi kan irinsu suna iya jawo jijjiga, karen kuwa ya taɓa yin jijjiga yana ƙarami. Maƙwabcina cewa ya yi in fesa mai fiya-fiya kawai, wannan kam ban yarda ba, ga yara suna wasa a tsakar gida.

Tambayata, in na ɗiga mai permethrin ɗin kwana nawa zan raba su? Ko maganin kaska mai fipronil ya fi, tunda ana yi wa mage ma da shi? Likitan dabbobi ya mana nisa, ku ba ni shawara kafin in samu zuwa.